Kwamfutar Hajiya da Lissafin Ƙanina

Gari bai gama wayewa ba muka bar Wusasa ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da ƙanina, shi rungume da jakar kwamfutarsa, ni kuma da jakar sarina a naɗe a hammata. Masu bibiyata sun san ni da zuwa Kano sarin atamfa da leshi. Wannan karon ba harkata ce ta kai ni ba, amma ban bar jakar a gida ba, don ban taɓa shiga Kano na fito hannu rabbana ba.

Ƙanin nawa yana digiri na biyu a fannin kwamfuta, kuma wannan ne zangon ƙarshe da makaranta ta ba shi. Ranar Litinin zai tsaya gaban malamai ya nuna sakamakon bincikensa. In bai nuna ba a cire sunansa, shekarun da ya yi su tafi a banza. Rubutu ya gama shi tuni, sakamakon ne babu. Da ya ɗora wa kwamfutarsa aikin sai ta kama huci, ta ɗau zafi har ba ka iya aza hannu a kanta, daga nan ta ɗauke. Shi ya sa ya tattara ɗan abin da ya tara muka nufi Kasuwar Sabon Gari neman wadda ta fi ta ƙarfi. Ni don ciniki aka ɗauko ni, saboda shi in an faɗa masa farashi godiya yake yi ya sa hannu a aljihu.

Kuɗin mota ya hau sosai a kan zuwana na baya, kuma duk da haka mu huɗu aka cusa a baya. Hanya dai babu laifi, ta sha gyara, sai ɗan wurin da ake karkatar da motoci hannu ɗaya. An yi ruwa da dare, gonaki sun yi shar, dawa ta kai ƙugu. Direbanmu mutum ne mai son labarin siyasa, kuma bai damu da ko ana sauraronsa ba.

Bayan mun wuce Tashar Yari na ce wa ƙanina ya yi mini bayanin abin nan da yake neman hallaka kansa a kai, amma da Hausa, ba da turancinsu ba. Ni abin da na sani game da DNA shi ne gwajin da ake yi in an yi rigima a kan uban yaro. Ya yi dariya ya ce wani siririn zare ne da ke cikin ƙwayoyin jikin duk wani mai rai, kuma guntayensa suna da wata ɗabi'a: kowanne yana neman abokin da ya dace da shi ya manne. Masana suka ga ai da wannan ana iya lissafi. Misali mai talla yana so ya zaga garuruwa, ya shiga kowanne sau ɗaya tak. Sai a yi wa kowane gari guntunsa, kowace hanya guntunta, a zuba a kwalbar gwaji ɗaya. Nan take za su harhaɗu ta kowace irin hanya a lokaci guda. Daga nan a tace, a zubar da waɗanda ba su yi daidai ba, abin da ya rage shi ne amsa.

Na ce to ina kwalbar taka? Ya ce babu, kayan haɗa wannan gwaji ba su samuwa a wurinsu, in ma an samu ba na aljihun ɗalibi ba ne. Shi manhaja ya rubuta da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi abin da zai faru a cikin kwalbar. Matsalar ita ce abin da kwalba ke yi gaba ɗaya, kwamfuta ɗaya bayan ɗaya take bin sa, kuma da ka ƙara gari ɗaya aikin ya ninka ya sake ninkawa. Ya ci gaba da cewa wani lokaci guntu kan manne wa wanda ba nasa ba, kuma a kan wannan kuskuren ne ainihin bincikensa yake. A nan gyangyaɗi ya fara ɗaukata, ban farka ba sai a Karfi, inda ƙamshin gasasshiyar masara ya shigo ta taga. Na sayi biyu, ya ce ba ya jin yunwa, na cinye duka.

A Na'ibawa muka sauka muka hau adaidaita sahu. Kano tana nan yadda na bar ta, kowa na sauri kuma babu mai ba wani hanya. Daga Fagge zuwa Bata tafiyar ba ta kai a kira ta tafiya ba, amma mun daɗe a cikin cunkoso, tsakanin masu tura kura ɗauke da dilolin yadi da motocin da suka tsaya sauke kaya a tsakiyar titi. Ƙarshe dai sauka muka yi muka ƙarasa da ƙafa.

A layin masu kayan lantarki muka shiga shagon wani Ibo da aka yi mana kwatance, mai sayar da kwamfutoci na hannu da ake kawowa daga waje. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa kuwa ta Kano ce tsantsa. Ina buɗe baki ya ce, "Zagezagi ne ashe. Ku zauna, ba a cajin kujera." Na ce masa Kanawa sun ji kunya, yau har da Ibo suke ɗaukar hayar yi mana tsiya. Da haka muka saba.

Ƙa'idar layin ita ce ka gwada kaya son ranka kafin ka biya, don in ka fita da shi ya zama naka. Yawancin masu saye suna kunna waƙa ne, su duba madannai, su ce ta yi. Ƙanina filash ya zaro ya ɗora manhajarsa a kan wadda ta fi kowacce ƙarfi a shagon. Manhajar takan ƙiyasta lokacin da za ta gama. Ya duba, ya sake dubawa, sai ya koma kan benci ya zauna. Sai tsakiyar mako za ta gama, bayan an cire sunansa ke nan. Tun yana ƙarami in abu ya fi ƙarfinsa ba ya kuka, kunnensa yake murzawa. Na ga hannunsa ya tafi kunne.

Mai shagon ya ce akwai wata a sito, ya fita da kansa. Duk ɗan kasuwa ya san ma'anar sito, wato shagon maƙwabci, ni ma haka nake yi wa kwastomomina. Ya dawo da wata baƙa mai nauyi, ko takardar shagon maƙwabcin bai ɓare daga bayanta ba. Ta fi ta farko nesa ba kusa ba, amma ita ma ba za ta iya aikin duka kafin Litinin ba.

A ranar mai shagon ya buɗe sabbin kwalaye, ya jera kwamfutoci goma sha wani abu a kan dogon tebur, duk a kunne, yana duba masu matsalar batir. Ƙanina ya daɗe yana kallonsu, sannan ya miƙe ya tambaye shi ko zai yarda a raba aikin, kowacce ta ɗauki kasonta, su yi tare kamar yadda ake yi a kwalba. Mai shagon ya tambaya ko abin zai lalata masa kaya. Da ya ji cewa wahalar da su kawai zai yi, sai ya ce ai gara ma, mai ciwon ɓoye ta nuna kanta a nan, ba sai an saye ta an dawo masa da rigima ba. Amma ya kafa sharaɗi. Duk wanda ya zo saye zai sayar, ba ya korar ciniki. Da magariba ana kulle kasuwa kuma ba a barin komai a kunne. Gobe Lahadi yana coci, ba ya buɗewa. Muka ce mu ma goben can za mu, mun yarda.

Aka raba. Ƙananan kason suka hau kan na teburin. Babban kaso, mai garuruwa mafi yawa, wanda malamin da ke duba aikinsa ya ce in babu shi kada ma ya zo, ba ya rabuwa, don haka aka ɗora shi a kan baƙar nan ta sito. Lissafi ya nuna za ta gama kafin magariba in ba a taɓa ta ba. A nan na ji wani abu da ya ba ni haushi: manhajar ba ta ajiye komai sai ta kai ƙarshe. In aka kashe ta a tsakiya, an koma farko. Na ce masa ko mai dafa wake yana ɗanɗanawa a hanya, ya ce zai gyara daga baya.

Shagon ya koma kamar gidan burodi don zafi. Mai shagon ya juya fankarsa ta tsaye ta bar mu ta koma kan kwamfutoci. Biyu suka mutu tun kafin a yi nisa, ya ɗauke su gefe yana murna ya manna musu alama, aka mayar da kasonsu kan wasu. Masu wucewa suna leƙowa suna tambaya ko sabuwar cacar ƙwallo ce.

Ni kuma na shiga aikina. Baƙar nan ita muke so mu saya, kuma farashinta ya ɗan fi abin da ke hannunmu. Don haka na yi abin da kowace 'yar kasuwa ke yi: na kushe ta. Na ce ta cika nauyi, na nuna wani ƙarzo a murfinta, na ce mu fa ba lalle ne mu saya ba, gwadawa kawai muke yi. Niyyata in bar shi ya dahu zuwa yamma ya sauko da kansa. Na yi abin da kyau har ya wuce gona da iri, don da maƙwabcin ya aiko tambaya, mai shagon ya ce masa Zagezagin nan ba saye za su yi ba.

Rana tana tsaka sai ga maƙwabcin, wani Alhaji mai farin gemu, tare da wata Hajiya daga Rijiyar Lemo. 'Yarta tana karatun zanen gine-gine, an rubuto mata irin kwamfutar da za a saya, gobe za ta koma makaranta, kuma a duk layin wannan ce kaɗai irinta. Hajiya har ta biya, an sallama mata. Kayan sito na mai shi ne, ranar da ya zo ɗauka babu mai cewa uffan. Alhaji ya miƙa hannu zai rufe murfin, ƙanina ya tare da nasa hannun biyu yana cewa, "Don Allah Baba, don Allah." Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Na ce zan ƙara a kan abin da ta biya, Alhaji ya ce shi ba ya tayar da cinikin da ya faɗa, kuma gaskiyarsa ce.

Hajiya ba ta da lokacin jira. Ta ce daga nan kasuwar Kwari za ta wuce neman ankon bikin ɗanta, kuma ba za ta sake ratso Bata ta dawo ba. Da na ji kalmar anko sai na matsa kusa na gaishe ta da kyau, na faɗa mata gaskiyar abin da ake ciki, har da batun Litinin. Na ce sana'ata ke nan, in ta bar kwamfutar a kan tebur zan raka ta Kwari in samo mata ankon da ba a gani a jikin kowa ba, in kuma dawo da ita da kaina.

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "'Yar nan, ni ban gane wannan lissafi naku ba. Amma da na sami abin da nake so zan dawo in ɗauki kayata, ko ta gama ko ba ta gama ba."

Na ce na yarda, Hajiya.

Na yi zaton mai neman anko za ta cinye yini tana zaɓe. Ban san da wa na haɗu ba. Hajiya irin matan nan ne da ke taɓa yadi da yatsa biyu su wuce. Na bi da ita ta layin da ya fi nisa, ta ce ta san hanyar da ta fi kusa. Farashi a Kwari ya tashi, kowane mai shago da ka yi magana sai ya ce dala, har wanda kayansa suka shekara a kan kanta. An ɗan yi yayyafi, lunguna suka caɓe, 'yan dako suna ta "hanya, hanya" suna watsa wa mutane taɓo. Na ji daɗin yayyafin, don ya tsayar da mu a wata rumfa na ɗan lokaci.

Da ta tsaya salla a wani masallaci a Fagge, na zauna a waje riƙe da jakarta da takalmanta, ina fata ta yi doguwar addu'a. Bayan ta fito na ce ba zan bar Kano ban ci gurasa ba, muka zauna wurin wata mai bandashen gurasa. Gurasar ta ji ƙuli da mai da albasa, yajin kuma ba na wasa ba ne. Hajiya ta biya, ta ce baƙo ba ya biya a garinsu. Muna wanke hannu ta ce ta ga wata shuɗiya a shago na biyu da muka shiga, za ta yi maneji da ita, mu koma. Na leƙa waya, ƙanina ya rubuto cewa da saura sosai.

Abu ɗaya ya rage mini. Ina da wani dila da nake sari a wurinsa, a saman wani tsohon gida a can ƙuryar Kwari, wanda kayansa ba sa sauka ƙasa sai sun kwana biyu a hannun irinmu. Shi ne sirrin kasuwata. 'Yar kasuwa tana iya ba ki aron zani, amma ba ta nuna miki inda take sari, kuma ni ko aminiyata ban taɓa kai ta wurin ba. Da muka isa bakin matattakalar na ce, "Hajiya, mu hau."

Nan ne ta zauna. Aka yi ta sauko da diloli ana warwarewa, ta cire mayafi ta ajiye gefe, ta kira amarya a waya, ta kira uwar amarya, aka yi ta gardama a kan ruwan goro da ruwan toka. La'asar ta yi, ta yi sallarta a wurin, ta dawo ta ci gaba. Da za mu tafi ta karɓi lambar mutumin, ta ce mini cikin fara'a ai ƙanwarta ma atamfa take sayarwa a Zariya, a Tudun Wada, za ta ji daɗin wannan wuri. Na yi murmushi na ce Allah ya sa albarka. A raina kuwa kamar in zauna a kan dila in yi kuka.

Rana ta yi ja muka koma Sabon Gari, masu shaguna suna ta jan ƙofofi. Mun tarar an kashe na teburin duka, an kwashe sakamakonsu a filash, saura baƙar ita kaɗai, maza uku sun kewaye ta har da Alhaji. Ba mu daɗe da shiga ba ta gama. Ƙanina ya sunkuya ya karanta. Na tambaye shi ko amsar ta fito.

Ya ce, "Ba ta fito ba, Yaya."

Na ba da sirrin dilana, na yini ina jan dattijuwa a cikin taɓo, kuma amsa ba ta fito ba. Sai na ga yana dariya. Ya ce abin da ya rubuta a bincikensa ke nan: a ƙananan kaso amsa tana fita daidai, amma in garuruwa suka kai wannan yawan, guntayen da suka manne wa waɗanda ba nasu ba suna rinjaye, amsar gaskiya ta ɓace a cikinsu. Ya daɗe da hasashen haka, hujja ce ba shi da ita, yanzu ga ta. Na ce da ya faɗa mini tun farko, ya ce ya faɗa, ina barci.

Ya goge manhajarsa, ya share allon da gefen rigarsa, ya miƙa wa Hajiya kwamfutarta da hannu biyu har da rusunawa. Ta ce Allah ya ba da sa'a ranar Litinin, kuma ko ba komai ta san 'yarta ta sami mai juriya. Mu kuma muka sayi ɗaya daga cikin na teburin da suka yini ba su gaza ba. Ban taya ba, abin da mai shagon ya faɗa shi muka biya, har ya tambaye ni ko lafiya.

Mun kwana gidan gwaggonmu a Sabon Gari, da safe muka je coci tare da ita, daga can muka wuce tasha. A mota ƙanina ya ɗora sabuwar kwamfutar a cinya yana zana jadawali har muka shiga Zariya, jakar sarina kuma ta dawo a naɗe yadda ta tafi. Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne amma zan riƙe. Kayan da kake so da gaske kada ka kushe shi har mai shi ya yarda da kai. Aikin da ya fi ƙarfin na'ura ɗaya kuma ana iya raba shi, in ka sami mutanen da za su ba ka teburinsu da yininsu alhali ba su gane me kake yi ba.

Ranar Litinin ban iya komai ba a shago, na auna wa wata mata yadi ba daidai ba har sau biyu. Da yamma wayata ta yi ƙara. Na ɗauka, hayaniyar ɗalibai kawai nake ji a bayansa. Na ce ka yi magana mana, kada ka kashe ni.

Ya ce, "Yaya, sunana yana nan."

Na ce to, madalla, ka saya mana burodi in za ka dawo. Na kashe wayar, na ja labulen shago, na zauna a ƙasa na yi kukana son raina.